Gonata a Allon Kwamfuta

Yaya Dalhatu,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna? Ya Halimatu da yara? Ni lafiya lau nake a nan birnin Maskat, koyarwar ma ba laifi. Fasfona dai yana hannun mai makarantar sai kwantiragi ya ƙare, saura shekara biyu. Kada Inna ta ji.

Nan ba a ba ɗalibai amsa, tambaya ake ba su, su bincika a intanet da kansu. Makon jiya na tambaye su yadda ruwa yake isa gonar shinkafa da rani, na ce su duba Bunkure a hoton tauraron ɗan'adam. Suka bi kanal ɗin ban-ruwa da yatsa har bayan garinmu. Ko'ina kore shar, sai fili ɗaya ja wur. Wata yarinya ta ce, "Malam, wannan me ya hana shi ruwa?" Na ce ta ci gaba da bincike.

Yaya, gonata ce. Don Allah ranar da ruwa ya zo layinmu ka buɗe mata, ko albasa ce ka dasa. An ce hoton yakan daɗe kafin a sabunta shi. Zan jira, ai ba inda za ni.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya.

Ƙaninka,
Suhaibu