Addu'ar da Ta Tsige Dattijon Coci

Ana sanar da al'umma cewa teburin wannan fili ya bi gwamnati daga Legas zuwa Garki lafiya, sai dai ya bar ƙafa ɗaya a Lakwaja. Ga wasiƙar makon nan.

Malam, ka taimake ni. Maigidana Albert akawu ne. Da aka ɗauko ma'aikatarsu zuwa Abuja, shekara biyu ya yi shi kaɗai kafin a ba mu gida a unguwar Area 2. Na iso na tarar da tumbi ya riga shi fita ƙofa. Wai ƙosai da soyayyar doya yake ci a bakin ofis, da lemon kwalba uku kullum. Aka ɗauki hoton cikinsa, likita ya ce kitse ya lulluɓe hantarsa. Yayana ya ce ai ciwon mashaya ne. Ban yi masa faɗa ba, Malam. Na dai miƙe a taron zumuntar mata na cocinmu na roƙi a sa mijina a addu'a saboda giya. Kafin Lahadi an sauke shi daga muƙaminsa na dattijon coci. Yana rantsuwa bai taɓa sha ba. Yanzu ko gaisuwata ba ya amsawa. Yaya zan yi ya amsa laifinsa?

Mai Haƙuri, Area 2

Mai Haƙuri, na san mata masu zagi da masu jifa da ludayi, amma yanka miji da addu'a sai ke.

Hanta tana ƙona kitse da iskar da muke shaƙa, kuma kowace wuta tana tartsatsi. Jiki yana da abin kashe shi. In kitse ya yi yawa, tartsatsin ya fi ƙarfin masu kashewa, ya dinga cin hantar kamar yadda tsatsa ke cin kwano, har ta kumbura, ta yi tabo. Giya tana jawo haka. Sukari da zaman kujera ma suna jawowa, man da aka soya har ya yi baƙi kuma yana ƙara wa wutar itace.

Shekara biyu babu miji, zargi ba abin mamaki ba ne, kuma Albert ya ci kamar marar mafaɗi. Amma likita za ki tambaya, ba yayanki ba. Ku koma asibiti tare. Ya bar lemo, ya yawaita ganye, ya riƙa takawa zuwa ofis. A wannan mataki hanta takan farfaɗo. Suna ya fi ta wuyar warkewa, don haka ki miƙe a inda kika miƙe, ki janye maganarki da murya irin ta ranar.

Ni ma da na karanta wasiƙarki cewa na yi mutumin yana sha, sai da wata likita ta zaunar da ni. Na yi kuskure, amma a ɗakina na yi shi. Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ƙarfin miƙewa.