Rijiyar Kabo Ta Ƙafe

Litinin, 4 ga Afrilu, 2005
Guga ya sauka, ya dawo da laka. Rijiyar da Kabo, kakan Baba, ya haƙa da hannunsa, wadda saboda ita ake ce wa ƙauyen nan Tungar Kabo. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin gindinta ba sai yau.

Asabar, 9 ga Afrilu
Mutanen gidan Sha'aban sun tashi, sun nufi Zango. Fara ta cinye geron bara, yanzu kuma ruwa. Matata Talatu tana zuwa tafkin da shanu ke sha, ta tace da mayafi. Kafin ta dawo rana ta take.

Alhamis, 14 ga Afrilu
Baba ya kira ni zaure. Ido ya tafi, amma baki bai tsufa ba. Ya sake jero mini su: Kabo ya haifi Amadu, Amadu ya haife shi, Maharazu, shi ya haife ni. Wai Kabo daga arewa ya taso a shekarar babbar yunwa, da matarsa Nana da jaki ɗaya da yara. Nan daji ne, sai kuraye. Ƙwayar ƙarangiya suka riƙa daka suna ci. Yana cikin rami yana haƙa, Nana tana jan ƙasa da igiya, yaran suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Duk suna gindin tsamiyar bayan masallaci. Amadu kaɗai ya tsira, shi ma Turawa suka kwashe shi aikin tilas a ramin kuza, ya dawo da tarin da ya kashe shi.
Ya ce, "Nu'uman, su ba su gudu ba. Kai za ka fara?"
Na sunkuyar da kai.

Laraba, 20 ga Afrilu
'Yarmu Maijidda tana gudawa tun jiya. Shekararta uku. Ita kaɗai Allah ya bar mana.

Talata, 26 ga Afrilu
Ni da ƙanena Kalilu muka shiga yasar rijiya. Bango ya rufto masa. Da hannu na tono shi, farcena har yanzu jini yake. Ƙafa ta karye, maɗori ya ce ko ta warke ba za ta miƙe ba. Ruwa kuwa ko danshi ba mu tarar ba.

Jumma'a, 6 ga Mayu
An raba geron zakka bayan salla, na samu. Ga gero, babu ruwan dafa shi.
Talatu ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Yau ta ce, "Malam, na gindin tsamiya ba sa jin ƙishirwa. 'Yata tana ji."

Alhamis, 12 ga Mayu
Asibiti, Daura. A kan babur na kawo Maijidda, kanta yana lilo a kafaɗar uwarta. Ana ƙara mata ruwa. Malamar asibiti ta ce in muka mayar da ita kan ruwan tafki, kada mu wahalar da kanmu dawowa.
Ya Allah. Uba a can, 'ya a nan.

Talata, 17 ga Mayu
Na durƙusa gaban Baba na gaya masa za mu tashi. Ya ce mu tafi, mu bar shi da mutanensa. Makaho, shi kaɗai!
Ban san lokacin da na ce, "Baba, shi mahaifin Kabo ina kabarinsa?" ba.
Ya ce, "Bai taɓa faɗa ba."
Bai ƙara ce mini komai ba.

Litinin, 23 ga Mayu
Na ɗauke shi cak na ɗora a amalanke, kusa da Kalilu. Bai yi gardama ba, da ma ya yi. Talatu ya yi wa magana, ba ni ba: a juya shi ya fuskanci baya. Haka ya zauna har muka yi nisa, yana kallon garin da ba ya gani.

Lahadi, 19 ga Yuni
Kawun Talatu ya ara mana fili kusa da Kongolam. Rumfar zana. Akwai famfo. Maijidda ta fara cin tuwo. In na gaishe da Baba sai ya ce "Alhamdu lillahi" kawai, Allah yake amsa wa, ba ni ba.

Lahadi, 20 ga Nuwamba
Wani mai shanu ya ce damina ta mayar wa rijiya ruwa. Za mu koma, in sha Allah, in Kalilu ya ƙara ƙarfi. Ko bayan babbar salla.
Na kwaɓa ƙasa na fara yin tubali, don dai zana ba ta tare sanyi. Ɗaki ɗaya kawai. Ina cikin jerawa Baba ya lalubo da sandarsa, ya tsuguna, ya shafa ɗaya, ya murza a yatsu.
Ya ce, "Nu'uman, ciyawar ta yi kaɗan. Wannan ba zai kai jikokinka ba."
Na ƙara ciyawa.