Rantsuwar da Ba Na So Ka Yafe Mini

Zuwa ga Istamatis, hasken idona, zumar tsaunin garinmu, inuwar zaitun da nake fakewa in rana ta take.

Saƙonka ya iso, layi biyu kacal, na karanta har na haddace. Wai ka yafe mini rantsuwata, in je in shiga teku da duk wanda na samu. Haba masoyina! Ruwa ba ya tsami banza. Rantsuwar ka yafe, ko ni ka sallama?

Ko ka manta yadda aka yi ta? Shekarata talatin a tsibirin nan, amma tun da teku ta cinye babana ban bari ta taɓa ko idon sawuna ba. Kai kuwa kana can bisa hasumiyar masu ceto, da usur a wuya, kana korar masu babur ɗin ruwa daga inda mutane ke iyo, kana satar kallona kana tsammanin ban gani ba. Rannan ka sauko, ka lallashe ni har ruwa ya kai mini ƙugu, ka ce in kwanta rigingine, ka sa tafinka a ƙarƙashin bayana, ka ce in dubi sama in yi numfashi. Na dubi sama, kunnuwana suka cika da ruwa, duniya ta yi tsit. Da na juya kai, sai ga ka can taku biyar, ka harɗe hannuwa kana dariya. Ashe tuni ka zare hannunka, teku ce ke riƙe da ni.

Daga nan ka jero mini dokokinka: kada in wuce ƙwallayen nan masu ruwan ɗorawa da aka jera a kan ruwa, kada in shiga in an ɗaga jar tuta, in igiyar ruwa ta ja ni kada in yi kokawa da ita. A ƙofar cocin Waliyyi Nikolas ka sa na rantse ba zan taɓa shiga ni kaɗai ba. Kai ka ce "sai da wani". Ni a zuciyata na ce "sai da kai".

Bana ko sau ɗaya ban shiga ba. Kullum Gwaggo Kalliyopi mai gidan burodi sai ta tare ni da tsiya: "Argiro, sau nawa bana? Ni da tsufana sau sittin da huɗu, ke kuwa kin koma kyanwa, kina leƙen ruwa daga nesa." Nakan yi dariya, in na sha kwana in share hawaye. Kewarka ta hana ni sakat, kai kuwa kana birnin Atina kana gadin kududdufin otal mai warin magani. Wannan ne ya fi maka tekunmu, ya fi maka ni?

Iskar bazara ta kwanta, ruwa ya yi lumui, ƙarshen watan nan za a kwashe ƙwallayen. Jirgin ruwan Asabar yana nan yana zuwa. Ka biyo shi, don Allah. Za ka same ni a gindin hasumiyarka, takalmana a hannu.

Ka taɓa zare hannunka ban nutse ba, domin na juya na gan ka. Wannan karon na juya, na sake juyawa, ban ga kowa ba.

Ban karɓi yafiyarka ba, ba kuma zan karɓa ba.

Taka, a tudu har ka dawo,
Argiro