Waƙar da Auta Ba Ta Rera Ba

Zuwa ga Ummana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ya ƙafar taki? Anti ta gaya mini kumburin na sauka kika ajiye maganin. To ni dai na ji, kuma kin san ba zan yi shiru ba. Ina gaida Yaya da Anti da yaran. Mu ma nan lafiya lau, Abban yara yana gaishe ki sosai.

Umma, takarda na zaɓa saboda tun da Auta ta rasu ni da ke ba ma iya magana a waya. Ki yi kuka, in yi kuka, kati ya ƙare ba mu ce komai ba.

Maganar sabuwar waƙar nan ce, "Ki Bar Mini Ƙofa a Buɗe", wadda kamfanin da Auta take yi wa waƙa ya fitar da sunanta. Yaya ya ce safe da yamma ita kike ji, har kin sa an nuna miki yadda ake maimaita ta. Ni ma na ji ta. A wurin aiki na saka, lokacin cin abincin rana, na tashi da gudu na shige banɗaki, sai da abokiyar aikina ta zo tana buga mini ƙofa.

Kin san tun waƙarta ta farko ni nake riƙe mata shafinta na intanet. Kowace waƙa da layinta: ranar da aka ɗauke ta, ranar da ta fito, nawa aka sayar, da matsayin da ta kai a jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe a mako. 'Yan jarida da gidajen rediyo daga can suke kwafa. Da takarda da jan biro na fara kafin in iya kwamfuta, shi ya sa ja'irar ta sa mini Mai Jan Biro, har 'ya'yana suka kama. Kin tuna lokacin da wata jarida ta rubuta wai kundinta na biyu ya sayar da miliyan ɗaya, alhali dubu ɗari huɗu da 'yan kai ne? Na rubuta musu suka gyara. Ta zo har gida tana buga ƙafa, wai ni wace irin 'yar'uwa ce, an yi mata kyautar dubu ɗari shida na mayar. Sati ba ta ɗaga wayata ba. Bayan nan kuma ita ce a rediyo tana taƙama wai duk abin da aka gani a shafinta a rantse a kai, don Yayarta ko guda ɗaya ba ta ƙara mata.

Yanzu kamfanin sun aiko mini saƙo in saka sabuwar a jerin waƙoƙinta. Na buɗe layi, na rubuta suna, na rubuta ranar fitowa. Da na zo gurbin ranar ɗauka sai na tsaya. Umma, ni nake kai ta sitidiyo. Ni nake zama a kujerar baya da jakarta a cinyata, abin shaƙarta na asma a hannuna. Ko waƙar da ta fara ta watsar na san ta, wannan kuwa ban taɓa jin ko baiti ɗaya ba. Na tambaye su ranar, suka ce daga cikin tsofaffin kayanta aka samo. Na ce wace shekara? Shiru kake ji.

Wataƙila tsiyar tawa ce ta motsa. Wataƙila ta ɗauka ne lokacin da nake jego ban sani ba, kuma wallahi haka nake fata. Zan je wurin mai haɗa mata sauti in tambaye shi, shi ba zai yi mini ƙarya ba. Kafin nan na bar layin ban saka ba. Na gaya miki ne don kada ki ji a bakin wani.

Ki sha maganinki don Allah. Ki huta lafiya.

'Yarki,
Mai Jan Biro


Zuwa ga Ummana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ya jiki, ya ƙafa? Ina fatan kowa lafiya a gidan. Na yi ta kira ba ki ɗauka ba. Anti ta ce kina barci, ta sake cewa kina barci, har ta gaji ta ce mini gaskiya kin ce a ajiye wayar. Ban yi fushi ba, Umma. Amma ki daure ki karanta wannan har ƙarshe, ko da bayan nan za ki yaga ta.

Na je sitidiyon. Komai yana nan yadda kika san shi ranar da ta kai ki kallo: soson da aka manna a bango, fankar da ake kashewa in za a ɗauka, kujerar baya mai tsagaggiyar fata. A jikin sandar makirufo har yanzu akwai ɗan salatif ɗin da aka naɗa daidai tsawonta, don kin san Auta ba ta kai ko'ina ba. Mai haɗa sautin yana ganina ya cire abin kunnensa, ya rasa inda zai sa idonsa.

Bai ɓoye mini ba. Auta ba ta taɓa tsayawa gaban makirufo ta rera waƙar nan ba. Wani marubucin kamfanin ne ya rubuta baitocin. Sai aka zuba wa wata manhajar kwamfuta tsofaffin waƙoƙinta, ta koyi muryarta, ta rera. Da suka ji bai yi kama da maganarta sosai ba, suka nemi ƙarin muryarta, Yaya ya tura musu saƙonnin muryar da take aiko miki a waya. Daga cikinsu suka tsinci abin da take ce miki duk ranar da za ta dawo daga wasa, ki bar mata ƙofa a buɗe. Na kira Yaya, bai musa ba. Ya ce ya gaji da ganin ki zaune kina kallon bango, so yake ki sake jin ta ko sau ɗaya. Na yarda da niyyarsa, amma sai da na wanke shi tas, Allah ya yafe mini, yayana ne.

Na sa mai haɗa sautin ya kunna mini waƙar da manyan sifikoki, a nan na gane abin da ya tsaya mini a rai tun farko. Babu numfashi a ciki, Umma. Auta in za ta ɗaga murya sai ta ja iska, ƙirjin ya yi ɗan fito siriri. Sau nawa suka so gogewa ta hana, tana dariya wai sa hannunta ke nan. Yana cikin kowace waƙa tata. Wannan kuwa tana tafiya sumul daga farko har ƙarshe, ba gajiya, ba tsayawa. Ƙanwata ba ta taɓa yin baiti biyu a jere ba tare da ta nemi iska ba.

To ga abin da ya fi ci mini rai. Waƙar ta hau lamba ɗaya a jadawalin wannan makon. Kin san Auta ba ta taɓa hawa ba. Iyakarta lamba biyu, da "Takalmin Aro", wadda ta yi don tsokanata saboda takalmana da take sacewa ta dawo da su a buɗe. Ta yi makonni a nan, wata waƙar rawa marar kan gado ta tare mata hanya, har ta sauko. Ranar a kicin ɗina ta zauna kan bokitin fenti tana cin gyaɗar yara tana mita. Ta sa na yi mata alkawari duk ranar da ta hau lamba ɗaya da jan biro zan rubuta, ƙato, a takarda, in manna a ƙofar firij. Shekara da shekaru ina ajiye da gurbin nan. Babu wanda ya kai ni son cike shi, babu.

Ban cike ba. Na rubuta a shafin cewa waƙar ba ita ta rera ba, kuma matsayinta mafi girma lamba biyu ne. Masoyanta sun yi mini ca. An zage ni, an zagi mijina, wata ta ce in fito in yi tawa waƙar in na isa. Kamfanin sun ce za su buɗe wani shafin su daina tura 'yan jarida wurina. Duk wannan bai hana ni cin abinci ba. Abin da ya karya ni shi ne da Yaya ya ce hassada ce, wai tun tana raye nake rage mata, yanzu ta mutu ma ban bar ta ba. Ya ce kina wurin lokacin da ya faɗa, kuma ba ki tsawata masa ba.

Umma, ni? Ni da na goya ta zuwa makaranta? Waƙa hamsin da uku ta yi da wannan ƙirjin nata, kowace sai da ta sha wuya. In na ɗora wadda ba ta sha wuyarta ba a samansu, na ce ita ce mafi girma, me na ce game da sauran? Nan gaba 'ya'yanmu za su buɗe su ga abin da ta fi shahara da shi, ya zama abin da ba ta taɓa ji ba ma.

Ki yafe mini in na ɓata miki. Ina kewarki, ina kewarta, ban san wadda ta fi ba.

'Yarki,
Mai Jan Biro


Zuwa ga Ummana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kin tashi lafiya, ƙafa kuma da sauƙi. A gaida Anti, a ce na gode da ta kira ni ta miƙa miki wayar. A gaida Yaya ma, ki ce masa na huce, saura shi.

Jiya kin yi magana kin kashe wayar, ga amsata a takarda. Ga yadda kiran ya same ni. Ina tsaye a baranda ina kwashe shanya, sai ga ni zaune a ƙasa da rigunan makarantar yara a hannu, har Abbansu ya dawo ya same ni a haka.

Kin ce tun jin farko kika san ba ita ba ce. Kin ce ke kika haife ta, tun tana jaririya kike kasa kunne ga ƙirjin nan, daga wani ɗakin kina iya gane ko yau da sauƙi ko a nemo mota, don haka ba ni zan koya miki numfashin Auta ba. Kin ce tsofaffin waƙoƙinta ba kya iya jin su, don duk inda ta ja iska sai naki ƙirjin ya riƙe, ki tuna gadon asibiti. A wannan ce kaɗai kike jin 'yarki tana magana ba ta wahala. Kin ce duk rayuwarta abin da kika roƙa mata ke nan ba ki samu ba, yanzu an kawo miki ko na ƙarya ne, in bar ki da shi.

Umma, ni ina can ina ta tara hujja, ina murna na gano abin da ya ɓace a waƙar, ashe abin da ya ɓacen shi kike so. Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ni fiton nan nake bi ina nema a waƙoƙinta, in na ji shi sai in ji kamar tana kujerar gaba a motata. Ban san ke gudunsa kike ba.

Shafin dai ban canja shi ba, kuma kin san ba zan canja ba. Ke ma ba ki ce in canja ba, na lura. Waƙoƙinta hamsin da uku suna nan, lamba biyu tana nan. Abin da na yi, na buɗe wani wuri daban a can ƙasa, na saka waƙar da ranar fitowarta da lamba ɗayan da ta hau, don ta hau ɗin, ba zan ɓoye ba. Na rubuta cewa kwamfuta ce ta yi ta da muryar Auta bayan rasuwarta. Gurbin ranar ɗauka na bar shi fayau. Kamfanin sun buɗe nasu shafin, can an rubuta mata lamba ɗaya da manyan haruffa, kuma na ga jaridu sun fara kwafa daga can. Wataƙila nan da 'yan shekaru ni kaɗai zan rage ina cewa biyu. Takardar firij kuwa ba za a taɓa manna ta ba, na cire biron daga jakata na sa a durowa, don duk sanda na nemi mukulli sai hannuna ya taɓa shi.

Ke kuma ki ji waƙarki, safe da yamma, ba zan ƙara ce miki komai a kai ba. In na zo ki kunna, zan zauna kusa da ke mu ji tare. In kika ga na tashi na fita tsakar gida kada ki damu, zan dawo.

Na karɓi hutu a wurin aiki. Ranar Asabar ina tafe, ni kaɗai, da maganin ƙafarki, kuma a gabana za ki sha. Motar haya zan shigo, takan yi latti, kada ki tsaya jirana a waje. Ni ba ni da murya, kin sani, ko a taron makaranta baya ake mayar da ni. Amma ni ma taki ce, kuma ina nan da raina. Ki bar mini ƙofa a buɗe, Umma.

Wassalam.

'Yarki mai kewarki,
Mai Jan Biro