Alƙawarin wurin wasan ruwa da ɗana mai sikila

Assalamu alaikum matan wannan gida, barkanmu da war haka. Admin ki taimaka ki saka min wannan ba tare da sunana ba, akwai waɗanda suka san ni a nan, sunayen yaran ma da zan ambata ba nasu ba ne na gaskiya. Don Allah ku ba ni shawara. Na san wata za ta fara karantawa ta ce ji wannan, mutane na fama da manyan matsaloli ita tana kuka a kan wurin wasan yara, ni ma da wata ce ta rubuto ƙila haka zan ce, amma ku daure ku kai ƙarshe.

Muna zaune a Sri Petaling nan Kuala Lumpur, shekararmu ta biyar ke nan. Maigidana karatun digiri na uku ya kawo shi, alhamdulillahi ya gama, wata mai kamawa za mu tattara mu koma gida gaba ɗaya. Yaranmu uku ne, Hanifa ita ce babba shekararta sha biyu, sai Sadik mai tara, sai auta Amira da na zo da cikinta. Sadik yana da sikila. Duk wadda ke da mai irin wannan ciwon a gida ta san yadda rayuwa take, ba na fita ko shagon ƙasan bene ba tare da gorar ruwansa da rigar sanyinsa da magani a jaka ba, ko a mota ko a jirgin ƙasa idona yana kan inda iskar AC take bugawa.

Shekara biyu da suka wuce babansu ya yi wa Hanifa alƙawari, in ta zo cikin ukun farko a ajinsu zai kai ta babban wurin wasan ruwan nan da duk 'yan ajinsu suke ba ta labari, mai silalo, wato inda ake zamowa daga sama a faɗa ruwa, da igiyar ruwa kamar teku, ko awa ɗaya ba a yi daga gidanmu. Yarinya ta dage ta zo ta biyu. Aka sa rana, saura kwana uku Sadik ya roƙi babansa ya bar shi ya shiga kwamin wankan da ke ƙasan gidanmu don ya gwada kafin ranar, minti ashirin bai cika ba a ciki, kafin magariba yana birgima yana cewa ƙafarsa da bayansa, kwana shida muka yi a asibiti. Aka ɗaga tafiya. Hutu na gaba aka sake sa rana, zazzaɓi ya kwantar da shi. Na uku kuma babansu ne aikin rubutu ya sha kansa. Duk wannan Hanifa ba ta taɓa buɗe baki ta yi ƙorafi ba, sai dai ta ce ba komai Mami, ta ɗauki Amira ta yi mata wanka, ta dafa musu indomi in ina asibiti. Ni kuma na ɗauka da gaske ba komai ɗin.

To yanzu da tafiya ta matso, babansu ya tara mu ya ce kafin mu bar ƙasar nan za a yi fita ɗaya babba ta iyali, mu zaɓi wuri, don inda za mu koma babu irin waɗannan wuraren, kuma Allah kaɗai ya san ko za mu sake takowa nan. Wurare uku ne a gabanmu. Akwai na ruwan da aka yi alƙawari. Akwai na kan tsauni, wanda ake hawa da keken da ke tafiya a kan waya, shi Amira take so saboda ta gani a hoto, amma can akwai sanyi da hazo ga tsayi, tun zuwanmu likita ya ce mu yi hankali da kai Sadik irin wurin, don haka ni a raina na soke shi tun kafin a gama magana. Sai na can Johor, mai gine-ginen 'yan bulon wasan yara, yawancin wasanninsa a tudu ne ba ruwa, tafiyar kusan awa biyar a mota. Ni nan take na ce Johor, ko tunani ban yi ba, na ce kowa zai iya shiga komai, ba wanda za a bari a baya.

Hanifa ta tashi daga wurin ta shige ɗaki. Kwana biyu in na yi mata magana sai ta amsa da turanci kalma ɗaya, abinci ma sai ta tsakura ta tashi. Rana ta uku da suka dawo daga makaranta na bi ta ɗaki ina faɗa, na ce wannan wane irin son kai ne, ke ce babba, kin fi kowa sanin halin da ƙaninki yake ciki. 'Yan uwa da na sani ban faɗi haka ba. Yarinyar nan ta fashe da kukan da ban taɓa jin ta yi ba, ta lissafo min abubuwan da ni na manta. Ranar da aka ba ta kyauta a makaranta kujerata ce kaɗai babu kowa, ina asibiti. Ranar da ta fara ganin al'ada maƙwabciyarmu ce ta nuna mata yadda za ta yi, ina asibiti. Ta ce Johor na ƙananan yara ne, an zaɓe shi ne saboda Sadik kamar yadda ake zaɓar komai a gidan nan, har abincin da za a dafa da ƙarfin fanka. Sannan ta faɗi wadda ta tsaya min a ƙirji har yau, ta ce, "Mami, wani lokaci ina cewa da ma ni ma ina da ciwon, ko kya kalle ni."

Na fito na shiga kicin na tsaya ina kallon tukunya.

Da babansu ya dawo na gaya masa. Shi mutum ne mai son a yanke magana a wuce, ya ce ai abu mai sauƙi ne, a raba tafiya, shi ya kai 'yan matan wurin ruwa ni in zauna da Sadik a gida, ko kuma a kai Sadik wajen wata ƙawata da ke Danau Kota ya yini da yaranta mu tafi mu huɗu. Na farkon Hanifa ta ƙi, ta ce in ba da ni ba a bar shi kawai, ita ba silalon ne ya dame ta ba, so take ta ga ranar da zan zauna ina kallonta ita. Kuma gaskiya yarinya ta fara girma, wurin canja kaya da shiga ruwa uwa take buƙata ba uba ba. Na biyun kuma ni na ƙi, ta yaya zan shirya yara biyu da jakar tawul, in sauke na ukun a ƙofar gidan mutane in ce masa sai mun dawo? Daga nan muka sami saɓani da maigidan, ya ce na mayar da yaro kamar ƙwai, na hana shi rayuwa na hana 'yan uwansa, ni kuma na tuna masa waye ya bar shi ya shiga ruwa wancan karon da kuma waye ya kwana shida a kan kujerar asibiti. Maganar ta yi masa zafi, ya ce to shi ya cire hannunsa, duk inda na zaɓa nan za a je, amma in ba shi amsa kafin Juma'a saboda wanda zai ara mana babbar mota.

Na je wajen likitan Sadik da fatan ya ce a'a in huta, in dawo gida in ce likita ne ya hana. Sai ya ce min boleh, wato zai yiwu, in rana ta take sosai, ya shiga inda ba zurfi na ɗan lokaci, a fito da shi a goge shi nan take, ya yi ta shan ruwa, amma shi ba zai iya ba ni tabbacin komai ba, ni ce na fi sanin jikin ɗana. Ga shi kuma lokacin ruwan sama ne, kun san garin nan, rana na tsakiya sai hadari ya haɗo. In ciwon ya tashi saura 'yan makonni mu hau jirgi, ban san yadda za mu yi da doguwar tafiyar nan ba. Hajiyar maigidan ma da ta ji labari ta waya cewa ta yi a fasa yawon gaba ɗaya, wasa ba farilla ba ne, a dawo mata da jikoki lafiya. Ita ba ta ga fuskar Hanifa ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, shi ya sa na ce a ɓoye sunana. Mun yi gwajin jini kafin aure, mun san ni da shi duk muna ɗauke da abin, muka yi shiru muka ce Allah zai tsare. Iyayenmu har yau ba su sani ba. Don haka duk sanda yaron nan ya riƙe hannuna yana cewa Mami ƙashina, ni na san ba daga sama abin ya faɗo masa ba, shi ya sa ba na iya barinsa a baya ko na awa ɗaya. Wani abin kunyar kuma, ni kaina ina son zuwa wurin ruwan. Tun bara na sayi kayan wankan nan masu rufe jiki har da hula irin na matan Malay, suna ƙasan akwati ko ledar ban cire ba. Ina son rana ɗaya tak da zan shiga ruwa da 'yata mu yi ihu, ban duba agogo ba, ban taɓa goshin kowa ba. In na kama kaina ina wannan tunanin sai in ji kamar na ci amanar ɗana.

Abin da ya sa na kasa haƙura na rubuto shi ne na jiya. Ashe duk abin nan Sadik yana ji, gidan namu ƙarami ne. Da la'asar ina ninke kayan da za mu saka a kwali ya zo ya zauna kusa da ni yana taya ni, can ya ce, "Mami, ki zaɓi na Yaya Hanifa."

Na ce masa ai ba a gama shawara ba tukuna.

Ya ce, "Zan je, amma ba zan shiga ba wallahi. Zan zauna a ƙarƙashin lema in tsare muku takalma da jaka. Kawai ki saya min gajeren wando irin na masu wanka, ki ɗan jiƙa min gashina kafin a ɗauki hoto, don in mun koma gida in na nuna wa su Baffa kada su gane ban shiga ba."

Shekararsa tara. Ya faɗa yana murmushi, ya ci gaba da ninke riga.

To 'yan uwa ga inda nake. In na ce Johor, na sake nuna wa Hanifa cewa ita ce ta biyu, kuma wannan karon babu hutu na gaba da zan ce mata ta jira. In na ce ruwa na bar Sadik a gidan mutane, ban san da wane ido zan kalle shi da yamma ba. In na tafi da shi ya zauna yana gadin takalma yana kallon yara sa'anninsa suna tsalle, na san zuciyata ba za ta ɗauka ba, zan ce shiga na minti biyar, kuma na san abin da minti ashirin ya taɓa ja mana. Masu yara masu sikila, kun taɓa kai su irin wurin nan, ya kuka yi? Waɗanda kuma suka taso da ɗan uwa marar lafiya a gida, ku gaya min gaskiya ko da za ta yi min ɗaci, me kuka so a ce mahaifiyarku ta yi muku? Yau Laraba, jibi zai tambaye ni. Wanne zan ce masa?