Ƙahon Baba Alu

Agege, Legas
Watan Rajab

Zuwa ga mahaifina, Malam Alu Wanzami, Tudun Ƙaya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Inna da kowa na gida. Kalsum tana gaishe ku, Mufida ma ta ce a gaida Kaka mai aska. Na ba Ya'u direban motar tumatir wannan takarda ya kawo, domin wayar garinmu sai an hau tudu, maganar nan kuwa ba ta ihu a kan tudu ba ce.

Baba, ba ni da lafiya. Ba kwance nake ba, kada Inna ta ɗora hannu a ka. Abin ya fara ne da asuwaki, kullum na goge baki sai in ga jini. Na ce dasashi ne. Sai wasu ɗigo-ɗigo ja suka feso min a ƙafa, sannan tabo baƙi-baƙi a hannu da cinya, kamar wanda aka yi wa duka, alhali ko ƙofa ban buge ba. Ranar da abin ya ba ni tsoro ina tsakiyar yi wa wani mahauci aski a bakin masallaci, haɓo ya ɓalle min. Mutumin ya zo a rage masa gashi, ya ƙare da riƙe min kai har la'asar.

Kalsum ce ta ja ni asibiti a Ikeja, ka san 'yar Agege ba ta jiran shawara. Likitar Bayarabiya ce, Kalsum tana yi min tafinta. Ta ce a cikin jini akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu toshe rauni idan an yanke. Nawa sun kusa ƙarewa, kuma jikina ne da kansa yake cinye su, ya ɗauke su baƙi. Sunan ciwon Ai-Ti-Pi. Na tambaya ko wani abu na ci, ko wani ne ya shafa min. Ta ce babu ko ɗaya, haka Allah ya kawo shi.

Ta ba ni ƙwayoyin da suka kumbura min fuska, yanzu Mufida tana ce min Baba ƙosai. Ta hana ni hawa okada. Abin da ya fi yi min ciwo, ta hana ni riƙe aska, ta ce yanka kaɗan a yatsa zai iya mai da ni gadon asibiti. Zabirar da ka ɗinka min tana rataye a ƙusa, ina kallonta tana kallona.

Na san abin da za ka ce da zarar ka ji maganar baƙin tabo. Don Allah Baba, wannan ba na ƙaho ba ne. Addu'arka nake nema.

Ɗanka,
Zulkifilu

*

Tudun Ƙaya
Watan Rajab

Zuwa ga yaron Agege.

Wa alaikumus salam. Takarda ta iso, na karanta, na karanta wa uwarka rabi. Allah ya ba da lafiya, ya sa kaffara ne.

Abin da ka kwatanta na san shi tun ba a haife ka ba. Mataccen jini ne ya taru ya rasa hanya, shi ya sa yake neman fita ta hanci da ta baki. Zafin Legas ne da cin manja, ga shi ka daina ƙahon shekara tun da ka yi aure. Kana yaro duk gabanin damina sai na kafa maka biyu a baya, ko ciwon kai ka taɓa yi?

Ka ce likita ta hana a yanke ka. To ita da me ta ɗebi jinin da ta auna, da cokali? Ita ta huda ka da allura ya halatta, ni da na yi maka askin suna, na yi maka kaciya da hannuna, ni ne zan cuce ka? Na'Allah mai rini ya zo min da irin wannan tabo bara, na kafa masa ƙaho, yau ga shi can yana faɗa da mutane a kasuwa.

Ɗan wanzami, jikan wanzami, a ce an rataye masa zabira yana zaune yana kumbura. Wannan magana ta hana ni cin tuwo. Akwai kaciyar yaran gidan mai unguwa, da na sallame su zan biyo Ya'u. Ban taɓa ganin Legas ba, bana zan gan ta.

A gaida mutanen gidanka.

Alu

*

Agege
Watan Sha'aban

Zuwa ga Baba.

Assalamu alaikum, da fatan an yi kaciya lafiya, yara sun warke.

Baba, na karanta takardarka a soron gidanmu na haya, na yi dariya a wurin cokali, daga nan kuma dariyar ta ƙi ci gaba. Gaskiyarka, sun huda ni. Amma da ka ga inda allurar ta shiga. Sai da nas ta daɗe tana danne wurin, washegari hannun ya yi baƙi har gwiwa. Allura ce fa, siririya. Ka tuna faɗin bakin 'yar tsagarka.

Na'Allah jininsa ya yi yawa ne ko ya yi kauri, Allah ne masani. Ni nawa ba ya tsayawa. Ba raina sana'arka nake ba, da ita ka ciyar da ni, da ita na ciyar da Mufida. Shekaranjiya aka yi suna a layinmu, gidan Muhammad Auwal mai albasa a kasuwar Mile 12, ni na yi wa 'ya'yansa duka aski. Wannan karon Khamisu aka kira, wani wanzamin unguwarmu. Ina zaune a ɗaki ina jin kukan jaririn, na san daga kukan cewa ya danne masa kai da yawa. Na juya fuska bango don kada Kalsum ta gani. Ita ma ta yi nauyi yanzu, ba na son ƙara mata.

Ga abin da nake tsoro, zan faɗa maka a fili. Tun da na yi wayo ban taɓa ce maka a'a ba, kuma ban iya ba. Ko sunana ba ka kira, saboda kunyar ɗan fari, sai dai ka ce "kai yaro", amma kafin ka rufe baki na miƙe. Idan ka zo ka shimfiɗa tabarma ka ce in tuɓe riga, wallahi zan tuɓe in ba ka baya. Na san kaina. Shi ya sa nake roƙonka tun daga nesa, inda nake da bakin roƙo. Ka zo ka gan mu, ka ga jikarka, ka ga teku. Ka bar ƙahon a gida.

Ɗanka mai neman albarkarka,
Zulkifilu

*

Agege
Ƙarshen Sha'aban

Zuwa ga Inna Furera.

Assalamu alaikum Inna. Ina gaishe ku da girmamawa, ya ƙoƙari, ya jiran labari. Baban Mufida ne ya ce in rubuto muku, shi hannunsa akwai robar ƙarin ruwa. Yana raye, Inna. Na fara da wannan don ku iya sauraron sauran.

Baba ya iso ranar Talata da hantsi, da zabirarsa a kafaɗa. Ya sha ruwa, bai taɓa abinci ba. Ya kama hannun ɗanku yana duba tabon ɗaya bayan ɗaya, idonsa ya kawo ruwa. Sai ya ce in kawo tabarma da ruwan ɗumi. Inna, ban taɓa ɗaga ido na kalli Baba ba, amma ranar na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Baba, don girman Allah, dokita ta ce ko reza kada ta taɓa shi. Abeg, ku bari mu je ku ji daga bakinta." Bai yi min tsawa ba. Ya ce, "Yarinya, ɗana ne. Kina ganin zan so shi da sharri?" Na juya wajen ɗanku ko zai yi magana, sai na ga ya riga ya tuɓe riga ya juya baya.

Baba ya kafa ƙaho ɗaya a ƙasan kafaɗa ya zuƙa. Da ya cire, wurin ya yi baƙi ƙirin tun kafin a tsaga. Ya ce, "Kin gani? Ga shi nan ya taru." Ya yi bisimilla ya tsaga, ƙanana ƙwarai, ni ma na ga hannun gwani ne. Ya mai da ƙahon. Ƙaho ya cika, ya zubar, ya goge wurin. Jini bai tsaya ba. Kuma ba baƙi ba ne, ja ne wur. Ya barbaɗa garin maganinsa, jini ya wanke shi. Ya sake barbaɗawa yana karanta addu'a, ya sake wankewa. Zanin da na miƙa masa ya jiƙe. Sai ɗanku ya ce a hankali, "Baba, jiri nake ji," ya kife.

Maƙwabcinmu mai keken haya mai ƙafa uku ne ya kwashe mu. Ga goslo, motoci sun cunkushe a hanyar Ikeja, ina leƙawa ina roƙon masu motocin danfo da Yarabanci su ba mu hanya. Baba ya rungume ɗanku, ya danne tsagar da tafin hannunsa, yana ta kiran sunansa, sunan yanka, yana cewa kada ya yi barci. Shekarata nawa a gidan nan ban taɓa jin sunan a bakinsa ba. Har cikin asibiti bai ɗaga hannun ba, sai da nas biyu suka ɓamɓare shi.

Da aka ce ana neman jini, Baba ne ya fara naɗe hannun riga. Suka tambayi shekarunsa, suka ce ya tsufa, ba za su ɗiba ba. Ya ce, "Na wasu na zubar, nawa ba zai yi amfani ba?" Mahauta da 'yan dakon Mile 12 da ɗanku yake yi wa aski su suka cika layi, har Khamisu. Dokita ta zo da faɗa a bakinta, da ta ga Baba tsugune a baranda da jini har gwiwar hannu, sai ta haɗiye, ta ce in faɗa masa danne wurin da ya yi ya taimaka. Na faɗa masa. Bai ɗago ba.

Ya zauna a barandar nan har aka ce an tsallake haɗari. Ya leƙa ta taga, bai shiga ba. Da na dawo daga sayo magani aka ce ya tafi neman motar Ya'u. Inna, ba na riƙe da shi a zuciya, wallahi na yi fushi ranar amma ya wuce. Ku lura da cin abincinsa.

'Yarku,
Kalsum

*

Agege
Watan Shawwal

Zuwa ga Baba.

Assalamu alaikum, barka da sallah, Allah ya maimaita mana. Wannan ce takarda ta uku tun da aka sallame ni, ban ga amsa ba. Ya'u ya ce tun da ka koma ba ka fita aski ba, mutane suna zuwa ƙofar gida kana cewa a ce ba ka nan.

Ina samun sauƙi. Ƙwayoyin jinin suna hawa suna sauka, likita ta ce mai yiwuwa haka zan zauna da shi, wata rana lafiya wata rana asibiti. Bana ban yi azumi ba, ya yi min ciwo. Na sayi kilifa irin ta masu shagon aski, ina yi wa yara a soro. Ka yi dariyarka, na yarda.

Baba, ni na tuɓe rigar, ba ka tuɓe min ba. Tabon ya warke, ɗan ƙarami ne. Abin da na riƙe daga ranar nan ɗaya ne: a cikin keke, ina tsakanin farke da suma, na ji ka kira sunana. Na ɗauka mafarki ne sai da Kalsum ta tabbatar min.

Kalsum ta kusa sauka. Duk wanda aka haifa a gidanmu hannunka ne ya fara taɓa kansa, har Mufida sai da muka kawo maka ita. Ni ba zan iya riƙe aska ba, tafiya Arewa kuma an hana ni. Ka zo ka yi wa jikanka askin suna. Ba na son Khamisu.

Ɗanka,
Zulkifilu

*

Tudun Ƙaya
Watan Zulƙida

Zuwa ga ɗana Zulkifilu.

Wa alaikumus salam. Takardunka duka sun iso, na karanta su.

Tun ranar nan idan na ɗauki aska hannuna rawa yake yi. Na gwada a kan ƙwarya, na yanke ta. Ba zan ɗora shi a kan jariri ba. Ka kira Khamisu, ka tsaya a kansa, ka ce kada ya danne.

Ka ce kai ka tuɓe rigar. Ka roƙe ni tun daga nesa, na ji, na ƙi. Ka yafe min.

Da zarar mai ɗakinka ta sauka ka aiko, zan biyo Ya'u ni da uwarka. Ni zan riƙe yaron a cinyata a yi masa askin. Zabira tana nan gida, ba za ta zo ba.

Allah ya ba ka lafiya, Zulkifilu.

Mahaifinka,
Alu