Sojan da Ba a Ɗiga wa Ido Ba

Dongguan, watan uku

Kakata,

Ina gaishe ki da kyau. Ya gwiwar taki? Agwagin Kawu Shun sun daina shiga gonar maƙwabta?

Ni lafiya lau. Har yanzu ina yi wa 'yan sojojin dalma fenti, masu tsawon yatsa, waɗanda masu sha'awa ke jerawa a kabad. Idanuna kan yi ruwa da yamma, har na sa tabarau, amma kada Mama ta ji.

Jiya Oga Peng ya ɗaga wani janar da na yi wa fenti ya ce, "Qiuyan, wannan fa Bature ne. Ina ya samo girar mutanenku na Hunan da tsagaggen kunne?" Aka yi ta dariya. Ya ce ba zai sayu ba, in tafi da abina.

Kaka, angonki ne na zana, kakana, yadda kike kwatanta shi ranar da ya tafi yaƙi, tunda bai bar hoto ba. Ga shi nan na aiko miki a kwali, cikin auduga. Ki ajiye shi inda muke kunna wa kakanni turare.

Ban ɗiga masa ƙwayar ido da fenti ba. Wannan aikin manya ne, kamar yadda dattijo ke ɗiga wa kan kwalekwalen tsere ido a garinmu don ya farka. Kuma ke kaɗai kika san irin kallon da yake yi. Buroshin na cikin kwalin.

Jikarki,
Qiuyan